Rigar Toka Ta Ɗan Tsakon Suwan: Abin Da Masu Hoto Ke Bi A Kogunan Ingila

Daga tsakiyar watan Mayu zuwa ƙarshen Yuni na kowace shekara, masu ɗaukar hoton tsuntsaye a ƙasar Ingila sukan yi sammako su nufi bakin koguna da tafkuna, kowa rataye da kyamararsa, domin a cikin waɗannan makonni ne wani babban tsuntsun ruwa da Turawa ke kira suwan yake ƙyanƙyasar 'ya'yansa.

Shi dai wannan tsuntsu babu shi a ƙasarmu, amma dangin agwagwa ne da dinya, sai dai ya fi su girma nesa ba kusa ba. Iri shida ne a duniya. Wanda ya fi yawa a Ingila shi ne wanda masana ke kira Cygnus olor, Turawa kuma suka yi masa laƙabi da bebe, ko da yake in an taɓa shi yana huci, yana gurnani. Namijinsa yakan kai nauyin kilo 10 zuwa 12, in kuwa ya buɗe fukafukansa faɗinsu ya haura mita 2. Fari ne fat, da dogon wuya mai lanƙwasa, bakinsa ruwan goro, da wani baƙin ƙululu a gindin bakin.

To, abin da ke jan hankalin masu hoto shi ne, ɗan da wannan farin tsuntsu ke ƙyanƙyashewa bai ɗauko kamannin iyayensa ba ko kaɗan. Ruwan toka yake fitowa, bakinsa da ƙafafunsa masu duhu, kuma sai ya yi wajen shekara guda kafin ya yi fari. Wannan bambanci ne ma marubucin nan na ƙasar Denmak, Hans Christian Andersen, ya gina sananniyar tatsuniyarsa ta mummunan ɗan agwagwa a kai, wadda aka buga a 1843. Amma wanda ya bi 'yan tsakin da kyamara mako bayan mako zai gane cewa tokar nan riga ce mai aiki, kuma ranar da ɗan tsako ya gama tuɓe ta, zamansa a gidan ubansa ya ƙare.

Fitowa Daga Ƙwai

Tun cikin watan Maris ko Afrilu suwan da matarsa suke tara kara da ciyayin bakin ruwa su yi wata ƙatuwar sheƙa, wadda faɗinta kan wuce mita guda. Macen takan saka ƙwai biyar zuwa bakwai, tana tsallake kwana ɗaya tsakanin wannan da wancan, kowane ƙwai nauyinsa ya fi giram 300, watau ya kai na kaza biyar ko shida. Ba ta fara kwanci sosai sai ta kusa gama sakawa. Saboda haka, bayan kwana 36 ko abin da ya yi kusa da haka, 'yan tsakin sukan fito kusan tare, cikin yini ɗaya ko biyu.

Ɗan tsakon yana da wani ɗan farin tsini a kan bakinsa, da shi yake huda ɓawon ƙwan daga ciki, tsinin kuma yakan faɗi bayan 'yan kwanaki. Sa'ad da ya fito jiƙe yake sharkaf, gashinsa a manne da jiki, duhu-duhu, ba shi da kyan gani. Sai ya yi 'yan sa'o'i ƙarƙashin uwar, ya bushe, sa'an nan ya leƙo ya zama wani ɗan dunƙule mai laushi kamar audugar rimi, bayansa ruwan toka mai sheƙin azurfa, ƙirjinsa da cikinsa fari-fari. Nauyinsa a ranar bai fi giram 200 da 'yan kai ba. Ba ya bukatar abinci nan da nan, gama da sauran gwaiduwar ƙwai a cikinsa wadda za ta riƙe shi kwanakin farko. Kwana ɗaya ko biyu iyayen sun kai su ruwa, in sun gaji ko sanyi ya dame su sai su haye bayan uwar, su shige tsakanin fukafukanta, kawunansu kaɗai ake gani. Wannan shi ne hoton da kowa ke nema, kuma makonnin farko kawai ake samunsa, domin da sun yi nauyi goyon ya ƙare.

Wurin da ya fi ko'ina sauƙin ganin wannan al'amari shi ne Abbotsbury, wani ƙauye a lardin Dorset, a gaɓar tekun kudancin Ingila. A can akwai wani dogon tafki mai ruwan gishiri-gishiri da ake kira Fleet, wanda tudun tsakuwa ya raba shi da teku. Sufayen Kirista ne suka kafa gidan ibada a wurin cikin ƙarni na 11, suka riƙa kiwon suwan domin nama, kuma akwai takardun da suka ambaci garken tun 1393. Bayan da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidan sufayen a 1539, wurin ya koma hannun zuriyar Strangways, jikokinsu ne ke riƙe da shi. Suwan wajen 600 ke zaune a can. A sauran wurare kowane namiji yakan kame yankinsa na ruwa, ba ya yarda wani ya matso. A Abbotsbury kuwa sheƙa kusa da sheƙa suke yi, har mai ziyara ya ratsa ta tsakaninsu a kan hanyar da aka keɓe, ya tsaya ya ga ƙwai yana tsagewa.

Fari Da Toka A Hoto Ɗaya

Mai karatu zai zaci tunda tsuntsun babba ne, kuma ba ya gudun mutane, ɗaukar hotonsa abu ne mai sauƙi. Masu sana'ar sun san ba haka ba ne, matsalar kuwa ta haske ce. Na'urar awon haske da ke cikin kyamara an tsara ta ne bisa zaton cewa abin da ke gabanta, in an gauraya farinsa da baƙinsa, zai tashi ruwan toka matsakaici. To, idan farin jikin uwar ya cika hoton, sai kyamara ta ga haske ya yi yawa ta rage, uwar ta fito dishi-dishi, ɗan tsakon kuwa ya zama baƙin curi marar ido. Idan kuma ruwa mai duhu ne ya fi yawa a hoton, sai kyamara ta ƙara haske, ɗan tsakon ya fito sosai, amma gashin uwar ya ƙone, ya koma kamar farar takarda wadda ba a yi rubutu a kanta ba. Abin da duhu ya rufe ana iya ɗan ceto shi wajen gyaran hoto. Farin da ya ƙone kuwa ya tafi ke nan.

Shi ya sa gwanaye suke auna hasken a kan farin gashin uwar, su bar ɗan tsakon ya ɗan yi duhu, kuma suke ƙin rana tsaka. Sun fi son sassafe, ko ranar da siririn gajimare ya lulluɓe sama, domin a lokacin ratar da ke tsakanin fari da toka takan ragu har kyamara ta iya ɗaukarsu tare. A ƙarshen Mayu rana na fitowa a kudancin Ingila wajen ƙarfe 5 na asuba, saboda haka wanda ya tsaya shan shayi ya makara. A zamanin fim, mutum yakan ɗauki hoto uku na abu ɗaya da awon haske dabam-dabam, ya jira a wanke kafin ya san wanda ya dace. Kyamarar yanzu tana nuna hoton nan take, wasu ma suna ƙyafta alama a inda farin ya ƙone.

Sauran dabarun ba su da yawa. Mai hoto yakan kwanta rub da ciki a bakin ruwa don idon kyamara ya yi daidai da idon ɗan tsakon, domin hoton da aka ɗauka daga tsaye ƙeya da baya kawai yake nunawa. Yakan saita kyamarar a kan ƙwayar idon, ya sa ƙiftawarta ta yi sauri, kamar kashi ɗaya cikin 500 ko cikin 1,000 na daƙiƙa, saboda 'yan tsakin ba su zama wuri ɗaya.

Akwai kuma wata dabara da ta shafi wanda ke son ya nuna rikiɗar launi musamman. Launin toka mayaudari ne: da safe ya yi kamar azurfa, da yamma hasken rana ya mai da shi ruwan ƙasa, a inuwa kuma ya yi shuɗi-shuɗi. Wanda ya ɗauki hoton wannan mako da safe, na mako mai zuwa da la'asar, zai ga canjin da rana ce ta yi shi, ya jingina wa tsuntsu. Maganin abin shi ne a riƙa ɗauka a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, a rubuta kwanan wata, kuma a tabbata uwar tana cikin kowane hoto. Farinta shi ne ma'auni. In ta fito fara a duka hotunan, to, duk bambancin da aka gani a jikin ɗan na gaskiya ne.

Nesa Ta Zo Kusa

Duk wannan ƙwarewa ba ta da amfani in an sami hoton da ran ɗan tsako. A makonnin farko abokan gābansu suna da yawa: ga hankaka da zalɓe daga sama, ga yanyawar Turai a tudu, ga wani kifi mai kaifin haƙori irin na tsage da ke fizgarsu daga ƙarƙashin ruwa. Ba abin mamaki ba ne a ƙirga shida a bayan uwa cikin Mayu, a dawo cikin Satumba a tarar da uku. Mutumin da ya matsa har uwar ta tashi daga kan ƙwai, ko ya sa 'yan tsakin suka watse, ya buɗe wa hankaka ƙofa ne, ko da kuwa bai taɓa kome ba. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta ɓata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita ko ɗaukar ƙwansa. A ganina ma bai kamata mai hoto ya jira doka ba, tunda akwai dogon gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, irin mai milimita 300 ko 400, wanda zai cika hoto da ɗan tsako alhali mutum yana can gefe.

Uban ma yakan faɗi iyakar da kansa. In ya ɗaga fukafukansa suka yi kamar rumfa a bayansa, ya janye wuya baya, ya taho yana tsaga ruwa da ƙirji, to sallama ce, sai a ja da baya. Mutanen Ingila suna yawan cewa suwan na karya hannun mutum da duka ɗaya. Masana suna ɗaukar wannan a kan zuguiguita magana, amma wanda ya sha bugun gwiwar fiffiken ba ya so a ƙara.

Wannan ladabi na ɓoye kai tsoho ne a sana'ar. 'Yan'uwan nan biyu na lardin Yorkshire, Richard da Cherry Kearton, waɗanda a 1895 suka fitar da littafin sheƙunan tsuntsayen Birtaniya cike da hotunan da suka ɗauka a daji, har sā suka sa aka ɗinka musu da fata, cikinsa rami, mutum ya shiga da kyamara ya leƙa ta ƙirjinsa don kada tsuntsu ya firgita. Shi kuwa Eric Hosking, wanda ya yi suna a wannan fage bayansu, mujiya ce ta tsone masa idon hagu a 1937 sa'ad da yake aiki kusa da sheƙarta, bai kuwa bar sana'ar ba.

Yadda Rigar Ke Sauyawa

Sheƙin azurfar nan ba ya daɗewa. Daga mako na uku sai wuya ya fara tsawo, ƙafafu su yi girma fiye da jiki, tokar ta dushe ta soma komawa ruwan ƙasa. Wajen mako na shida gashin gaske yakan fara ɓullowa a kafaɗu da wutsiya, yana ture tattausan gashin ƙuruciya, sai ka ga tsuntsun buzu-buzu kamar tsohon bargo. A nan ne yawancin masu hoto suke tattara kayansu su tafi, wai kyau ya ƙare. Kuskure suke yi, gama daga nan ne labarin ya fara armashi.

A daidai wannan mataki ne, cikin mako na uku na watan Yuli, ake yin ƙidayar suwan ta gargajiya a Kogin Tems, al'adar da asalinta ya koma ƙarni na 12. Tun wancan zamani Sarkin Ingila ke da haƙƙin mallakar duk suwan da ba shi da shaida a buɗaɗɗen ruwa, a Tems kuma ya yi tarayya da tsofaffin ƙungiyoyin sana'a biyu na birnin Landan, ta masu rini da ta masu fataucin ruwan inabi. Kwana biyar ake yi cikin kwalekwale shida, daga Sunbury zuwa Abingdon, tafiyar mil 79, mutanen Sarki sanye da jajayen riguna. An zaɓi Yuli ne saboda 'yan tsakin ba su iya tashi ba tukuna, suna manne da iyayensu, ga kuma tokarsu da ke nuna cewa na bana ne, don haka ana iya sanin ɗan wane ne, a ba shi shaidar mai iyayensa. A dā da wuƙa ake tsaga shaidar a baki. Yanzu zobe ake sa wa a ƙafa, na Sarki kuwa a bar su haka nan. Ana auna su, a duba ko ƙugiya ko zaren masu kamun kifi ya ji musu rauni, a sake su. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta halarci ƙidayar da kanta a 2009.

Yau ba don nama ake ƙidayar ba, don sanin lafiyar garken ne. Ita ce ta taimaka aka gane yadda darmar da masu kamun kifi ke ɗaurawa a zare take kashe suwan in sun haɗiye ta, har aka hana amfani da yawancin irin wannan darma a 1987, yawansu kuma ya farfaɗo. A 2022 an ƙirga 'yan tsaki 155, a 2023 kuwa 94 kacal, bayan da murar tsuntsaye ta yi ɓarna.

Zuwa wata na uku jiki ya rufu da gashi mai ruwan ƙasa gauraye da toka, bakin kuma ya yi toka mai haske, babu ƙululu. Tsakanin wata huɗu da biyar, watau wajen Satumba ko Oktoba, sukan fara tashi. Mai hoton da ya dace da lokacin da ɗan ya miƙe yana karkaɗa fukafukai zai ga abin da ba a gani in yana ninkaya: fari ya riga ya yi yawa a cikin fiffiken. Cikin hunturu farin yakan bazu a baya da ƙirji, dabbare-dabbare, yau nan gobe can, kai da wuya su riƙe dauɗarsu. Bakin ya juya ruwan hoda. Sai ya sake gashi bayan ya cika shekara sa'an nan ya yi fari sosai, bakin kuwa da ƙululun ba su cika kamar na manya sai a shekara ta biyu ko ta uku. Yawancinsu ba su yin sheƙa sai sun kai shekara uku ko huɗu.

Amma kafin a kai can, akwai rana mai wuya. Ga namijin suwan, duk wani babban farin tsuntsu a yankinsa kishiya ne mai neman ƙwace masa wurin kiwo. Muddin 'ya'yan suna cikin rigar toka yana ƙyale su, har ya yi faɗa dominsu. Da farin ya yi yawa, lokacin sabuwar sheƙa kuma ya gabato, sai uban da ya tsare su daga hankaka ya juyo kansu da irin rumfar fukafukan da yake yi wa baƙo, ya bi su da sara da duka har su bar masa ruwan. Wani lokaci tun cikin kaka ake korar, wani lokaci sai ƙarshen hunturu. Daga nan sukan shiga garken samari da 'yan mata marasa aure da ke taruwa a wasu sassan koguna. Mutanen gari da suka ga korar sukan buga waya ga masu ceton dabbobi, suna tsammanin wani mugun tsuntsu ne ya faɗa wa marayu.

Wanda Ya Fito Da Farar Riga

Ta yaya aka san launin yana da hannu a cikin wannan kora? Akwai 'yan tsakin da ke ba da amsa. Jifa-jifa a cikin ƙyanƙyasa ɗaya akan sami ɗaya ko biyu da suka fito farare tun daga ƙwai, ƙafafunsu ruwan hoda mai toka-toka, ga 'yan'uwansu kuwa masu toka a gefe. Ba zabiya ba ne, domin idanunsu baƙaƙe ne kamar na kowa. Dillalan kaji na Landan da suka riƙa shigo da irinsu daga gaɓar Tekun Baltik ne suka sa musu suna suwan na Polan. A 1838 wani masanin tsuntsaye mai suna William Yarrell ya ɗauka wani iri ne dabam, har ya raɗa masa sunan Latin mai ma'anar wanda ba ya sauyawa. Daga baya aka gane iri ɗaya ne, gado ne kawai ya bambanta su. Binciken da aka buga a Amurka a 1968 ya nuna yadda gadon ke tafiya: mace tana fitowa fara in ta gaji ƙwayar halittar daga ubanta kaɗai, namiji kuwa sai ya gaje ta daga uwa da uba duka. Dalili ke nan da mata suka fi yawa a cikinsu. A Ingila ba su da yawa, amma a Holan da ƙasashen gabashin Turai an fi ganinsu.

A shekarar 2000 Michael Conover da abokan aikinsa suka buga sakamakon bin diddigin suwan da suka yi a gabashin Amurka, inda aka kai tsuntsun daga Turai ya yaɗu. Sun tarar da cewa fararen 'yan tsaki sun fi shan duka da kora daga iyayensu, kuma sun fi masu toka mutuwa da ƙuruciya. Sai dai waɗanda suka tsira daga cikinsu sukan riga masu tokar fara aure da sheƙa. Watau kowace riga da ribarta da hasararta: mai toka ya sayi kariyar iyaye da jinkiri, mai fari ya shiga sahun manya da wuri, ya biya da jikinsa.

Can a Ostireliya kuma akwai baƙin suwan, wanda wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan, Willem de Vlamingh, ya gani a 1697 a kogin da birnin Perth yake bakinsa a yau. Shi ma 'ya'yansa da ruwan toka mai haske suke fitowa, kusan kamar na Ingila, sa'an nan su yi ta duhu har su zama baƙi ƙirin.

Mai hoton da ya dace da sheƙar da ta haɗa fari da mai toka ya sami abin da ba kowa ke samu ba, sai dai aikinsa yana da wa'adi. Bayan shekara guda dukansu farare ne, a kan ruwa ba mai iya rarrabe su. Sai an jira sun fito tudu, ko ɗaya ya ɗaga ƙafa ya ɗora a bayansa kamar yadda suka saba in suna hutawa: wanda ya yi ƙuruciya da toka ƙafarsa baƙa ce, ɗan Polan kuwa tasa ruwan hoda ce har ya mutu.